Motar da ke harbi da aman wuta: ƙarfi ne ko ciwo?

Filin masu inji na wannan wata ya tsaya a kan wata gardama da ake yi a tashoshin mota da garejojin garin Difa. Gardamar a kan motar nan ce da ke fashe ƙara kamar bindiga, wani lokaci har harshen wuta ya leƙo ta bakin salansa. Samari suna ganin irinta cikin wayoyinsu, motocin tsere na Turai da Japan da ƙasashen Larabawa. Da yawa sun ɗauka harbin shi ne shaidar ƙarfin inji. Akwai ma mai zuwa gareji da kuɗinsa a hannu, ya ce wa bakanike: "Baba, a yanke mini tukunyar salansa, tawa ma ta riƙa yi."

Maganar ba ta masu mota kaɗai ba ce. Injin fetur aikinsa iri ɗaya ne, ko a cikin mota yake, ko a babur, ko a keke mai ƙafa uku, ko a janareta, ko a injin ban-ruwa da ke bakin Komadugu. Saboda haka manomin tattasai na Geskeru ko na Shetimari yana da rabo a cikin wannan bayani daidai da direban tasha.

Amsar a taƙaice ita ce: harbi da aman wuta mai ne da ya ƙone a inda bai kamata ba. A motar tsere da gangan ake yin haka, kuma akwai masu biyan kuɗin ɓarnar. A motar haya da injin lambu kuwa, alamar ciwo ce.

Yadda inji ke cin mai

A cikin inji akwai ramuka masu kama da turmi, ana ce musu silinda. A cikin kowace silinda akwai fistin, yana hawa yana sauka kamar taɓarya. A saman silinda akwai ƙofofi biyu da ake kira bawul: ɗaya ta shigowa, ɗaya ta fita. A tsakaninsu akwai fulogi, wanda wasu ke kira buji. Shi ne ƙyastu na inji.

Aikin yana da taki huɗu. Na farko, fistin ya sauka, ƙofar shigowa ta buɗe, silinda ta shaƙi iska gauraye da fetur. Na biyu, ƙofofin duka su rufe, fistin ya hau ya matse abin da aka shaƙa. Na uku, fulogi ya ƙyasta, man ya kama wuta, ƙarfin wutar ya tura fistin ƙasa. Wannan turawa ita ce ke juya ƙafar mota, ita ce kuma ke jawo ruwa daga kogi. Na huɗu, ƙofar fita ta buɗe, fistin ya hau ya kori hayaƙi zuwa salansa. Wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ne ya gina inji mai wannan tsari a shekarar 1876, kuma har yau a kansa ake tafiya.

Abin yana gudana da saurin da ido ba ya gani. Idan injin mota mai silinda 4 yana juyi 3000 a minti ɗaya, kowane fulogi yana ƙyastawa sau 25 a daƙiƙa ɗaya. Su huɗun sun yi sau 100 ke nan. Kowace ƙyastawa tana da lokacinta, kuma dole ta faru ƙofofi suna rufe.

Gaurin ma yana da awo. Kilo 1 na fetur yana son kusan kilo 15 na iska kafin ya ƙone sarai. A wani lissafin, lita 1 ta fetur tana buƙatar iska kusan lita 9000, wato cikin duro 45 na lita 200. A tsofaffin motoci da ƙananan injuna, kafireta ce ke yin wannan awo. A motocin zamani, ƴar kwamfuta ce ke auna man, ta fesa shi ta injekta.

Duwatsun murhu uku

Tukunya ba ta zama sai a kan duwatsu uku. Haka wuta take: sai an samu mai, an samu iska, an samu zafi. In aka ɗauke ɗaya, ba ta tashi. A inji mai lafiya, waɗannan uku ba sa haɗuwa sai a cikin silinda. Salansa tana da zafi, amma ba mai a cikinta, hayaƙi ne kawai. Hanyar shigowa tana da mai da iska, amma ba wuta.

Ranar da ukun suka haɗu a wani wuri dabam, ranar ake jin harbi. Zafi kuwa kullum yana nan. Hayaƙin da ke barin silinda yakan wuce digiri 600 in inji yana aiki sosai, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa, turirin fetur kuma bai buƙatar ya kai digiri 300 kafin ya kama da kansa.

Harbin iri biyu ne, kuma bakanike na kirki yakan fara da tambayar ta ina ƙarar ta fito. Akwai na gaba, wanda ake ce wa atishawa. Wutar ce ke komowa ta ƙofar shigowa, ta fito ta kafireta. Ƙararsa ba ta da yawa, amma shi ne ke kama inji da gobara. Akwai kuma na baya, na cikin salansa. Man da bai ƙone ba ne ya taru a bututu ya fashe. In ya fashe a can ciki, ƙara kawai za a ji. In ya kai bakin bututu kafin ya samu iska, sai a ga harshen wuta. Wuta ja ko rawaya mai baƙin hayaƙi alamar mai ya yi yawa ce. Shuɗiya kuwa ta samu iska sosai, ta kuma fi zafi.

Wannan duka maganar injin fetur ce. Injin gazuwal, irin na manyan motoci da yawancin Land Cruiser masu shiga rairayi, ba shi da fulogi mai ƙyastawa. Matsi ne ke kunna masa mai. Shi ba kasafai yake harbi ba. In ya yi ciwo, baƙin hayaƙi yake tuƙawa.

Dalilai shida

Ruwa ba ya tsami banza. Ga abubuwan da suka fi jawo harbi a wannan yanki.

1. Mai ya fi iska yawa. Babban mai laifi a nan shi ne matacin iska. Ƙurar hunturu da rairayin hanyar N'Gigmi suna toshe shi cikin kwanaki kaɗan. Inji ya nemi iska ya rasa, sai ya zuƙo mai fiye da kima. Wanda ya rage bai ƙone ba ya wuce salansa. Haka kuma in an manta cok a rufe bayan inji ya yi zafi, ko wani ya faɗaɗa ƴar ƙofar mai ta kafireta wai don a ƙara gudu. Alamarsa baƙin hayaƙi, da warin ɗanyen mai, da fulogi mai baƙin toka.

2. Iska ta fi mai yawa. Mutane da yawa ba su san ƙarancin mai ma yana kawo harbi ba. Gauri mai ƙarancin mai a hankali yake ci, kamar ɗanyen itace. Kafin ya gama ci, ƙofar shigowa ta sake buɗewa, sai wutar ta tarye sabon man da ke tafe. Ga atishawa nan. Wani lokaci kuma ya ƙi kamawa sam, ya wuce salansa ɗanye. Datti a kafireta, ko famfon mai da ya gaji, ko tsagewar roba da ke barin iska ta sato hanya, su ne ke kawo shi. Fulogin irin wannan inji fari yake fitowa, injin kuma zafi yake yi.

3. Wuta ba ta zo a kan lokaci ba. In ta makara, man yana cikin ci ƙofar fita za ta buɗe, sai ya ƙarasa a bututu. In ta yi sammako, sai ta bugi fistin tun bai gama hawa ba. Wannan ne ke sa igiyar injin ban-ruwa ta fizge hannun mai ja. Tun zamanin da ake tada mota da hannu ake fama da wannan fizga, ta karya hannuwa da yawa kafin kamfanin Cadillac na Amurka ya sa wa motocinsa abin tayarwa na lantarki a 1912. A tsofaffin motoci, abin raba wuta da kanikawa ke kira delko shi ne ke riƙe da wannan saiti. Wayoyin fulogi ma suna da jeri. A yawancin injuna masu silinda 4, jerin shi ne 1, 3, 4, 2. Yaron gareji ya sauya waya biyu, mota ta dinga harbi gaba da baya.

4. Fulogi ya mutu. Fulogin da ya cinye, ko wayarsa ta tsage, wani lokaci ya ƙyasta, wani lokaci ya ƙi. Duk sanda ya ƙi, cikin silinda guda na ɗanyen mai ya tafi salansa. Wutar silindar da ke biye ita ce za ta kunna shi.

5. Ƙofa ba ta rufuwa. Bawul ɗin da ya ƙone, ko wanda aka ɗaure saitinsa ya yi tsauri, ba ya zama daram a mazauninsa. Wuta sai ta sulale ta gefe. Irin wannan inji ba shi da ƙarfi, yana da wuyar tashi, kuma gyaransa ya fi na sauran tsada.

6. Salansa ta huje, ko an yanke ta. Huji a bututu ba hayaƙi kaɗai yake fitarwa ba, yana zuƙo iska daga waje. Dutsen murhu na uku ya samu ke nan. Shi ya sa mota mai hujajjen bututu ke tatata duk sanda direba ya ɗaga ƙafa daga totur. Motocin zamani suna da wata tukunya a bututu mai kama da saƙar zuma a ciki, wadda kanikawan Najeriya ke kira indomi. An fara sa ta a motocin Amurka a 1975. Aikinta ta ƙone ɗan man da ya tsere, shiru ba ƙara. Akwai ƙarfe mai tsada a cikinta, don haka ake cire ta a sayar. Motar da aka cire wa ita ta fi saurin harbi.

A bayan waɗannan shida akwai maganar man kansa. Ba duk man kwalba na bakin hanya ne ke da aibu ba. Amma wanda ya sha ƙura, ko ruwa ya shiga, ko aka gauraya shi da kananzir, yana iya kawo dalili na 1 da na 2 da na 4 a lokaci guda. Kananzir ba ya zama turiri da sauri kamar fetur, sai wani ya fita bai ƙone ba. Ɗigon ruwa kuma yana kwanciya a gindin kafireta, ya riƙa yanke man.

Su motocin tsere fa?

Jihar Difa ta taɓa ganin motocin tsere ido da ido. Tseren Faris zuwa Dakar, wanda Bafaranshe Thierry Sabine ya fara a watan Disamba na 1978, ya yi shekaru yana ratsa Tenere. Na 1992, wanda ya ƙare a birnin Kaf na Afirka ta Kudu, ya biyo ta Dirku ya sauka N'Gigmi kafin ya wuce Njamena. Daga 2009 aka mai da tseren Amurka ta Kudu, daga 2020 kuma Saudiyya. Abin lura a irin wannan tsere shi ne abin da ke biye da motocin: manyan motoci cike da kayan gyara, da kanikawa masu kwana suna aiki. Motar tsere ba ta tafiya ita kaɗai.

Dalilin wutarsu ga shi. Yawancinsu suna da turbo, wata farfela ce da hayaƙi ke juyawa don ta cusa wa inji ƙarin iska. Takan yi juyi fiye da 100.000 a minti ɗaya. In direba ya zo kwana ya ɗaga ƙafa, hayaƙi ya ragu, farfelar ta yi sanyi. In ya sake takawa, sai ya jira ta farfaɗo. A tsere, wannan ɗan jira yana iya hana mutum kofi. Sai injiniyoyi suka yi dabara. Suka sa kwamfuta ta ci gaba da ba da mai da iska ko da an ɗaga ƙafa, ta kuma jinkirta wutar fulogi har ƙofar fita ta kusa buɗewa. Man sai ya fashe a cikin bututu, ya ci gaba da juya farfela. A shekarun 1990 motocin tseren daji na Toyota da Mitsubishi da Subaru da Ford sun yi suna da wannan harbi.

Akwai ƙarin dalilai. Ana ba injin tsere mai fiye da kima don ya sanyaya shi. Ana saita ƙofofinsa biyu su daɗe a buɗe tare, sai wani ɗanyen mai ya ratsa ya fita. Bututunsa gajere ne, ba tukunya, man ya iso waje da zafinsa. In inji ya kai iyakar juyinsa kuma, wasu kwamfutocin wutar fulogi suke yankewa su bar mai yana zuba. Wato dalilan nan na ciwo da aka lissafa a sama, su ne injiniyoyi suka aro da gangan.

Abin da hoton waya ba ya nunawa shi ne kuɗin. Zafin bututu a irin wannan aiki yakan kai digiri 1000. Turbo da bawul da bututu suna cinyewa da wuri, ana ta sauya su. Kamfanoni ne ke biya.

Sannan akwai masu yi don ado kawai. Motar zamani mai lafiya tana yanke mai gaba ɗaya in an ɗaga ƙafa tana cikin giya, don tattali. Masu son ƙara sukan biya a sauya wa kwamfutar umarni, ta daina yankewa. Wasu tun shekarun 1950 a Amurka suke ɗaura fulogi a bakin salansa don ya kunna man da ya fito. Wannan ba ya ƙara wa mota gudun taki ɗaya.

Mai gardama ya lura da abu guda. Yawanci wutar tana fitowa ne a lokacin da aka ɗaga ƙafa ko ake sauya giya, wato lokacin da inji ba ya jan komai. Man da ya ƙone a bututu bai tura fistin ba. Da ƙarfi ne, da a ciki zai tsaya.

Lissafin asara

A ɗauki tsohuwar mota mai silinda 4 da fulogi ɗaya ya mutu. Kashi ɗaya cikin huɗu na manta yana fita ɗanye. A jarka mai lita 20, lita 5 sun tafi a iska. Direban da ke zirga-zirga tsakanin Difa da Maine Sorowa ya lissafa jarka nawa yake sha a wata, ya gwada da kuɗin fulogi ɗaya.

Mutanen bakin Komadugu sun san darajar lita. A 2015, lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci, an hana hawan babur, an taƙaita sayen mai da takin zamani, an kuma hana cinikin tattasai har zuwa 2017. Lambuna da yawa sun bushe don rashin abin zuba wa inji. A watan Mayu na 2023 Najeriya ta janye tallafin mai, man da ke tsallako kogi ya yi tsada. Ko da yake a ƙasar Agadem ta jihar Difa ake haƙo ɗanyen mai, ana tace shi a matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011, ba wanda ake ba shi kyauta.

Bayan mai akwai ƙarfe. Harbi mai ƙarfi yana fasa tukunyar salansa, yana ƙona bawul, yana narkar da saƙar zumar nan. Ɗanyen mai yana wanke bangon silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, inji ya tsufa da wuri. Ga manomi, injin da ya mutu a tsakiyar ban-ruwa ya fi komai ciwo. Tattasai mai fure ba ya jiran bakanike ya dawo daga kasuwa.

Gobara da firgita

Asarar kuɗi ta mai inji ce shi kaɗai. Akwai wadda ke shafar kowa.

Ta farko gobara. Bakin salansa yana daidai tsayin jarka da kwalaben mai da ake jerawa a gefen hanya. Fetur ba ya jiran wuta ta taɓa shi, turirinsa ne ke kamawa, kuma turirin ƙasa-ƙasa yake bi. A lambu, injin yana zaune kusa da busasshiyar ciyawa, da zana, da buhunan busasshen tattasai. A wuraren da ƴan gudun hijira suka zauna a gefen babbar hanya mai lamba 1, ɗakuna da yawa na kara da leda ne. Ranar iskar hunturu, tartsatsi ɗaya ya isa.

Akwai kuma gubar da ba a gani. Hujajjen bututu a ƙarƙashin mota yana sako hayaƙi cikin ɗakin fasinja. A cikinsa akwai wata iska marar launi marar wari, mai sa ciwon kai da jiri da barci, har ta kashe. Injin da mai ya yi wa yawa ya fi fitar da ita.

Ta biyu firgita. Tun harin da Boko Haram ta kai Boso da Difa ranar 6 ga Fabrairu 2015, da wanda ta sake kaiwa Boso ranar 3 ga Yuni 2016, kunnen mutanen wannan jiha ya san ƙarar bindiga. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Harbin salansa a kasuwa yana iya sa mace ta yar da kayanta, yaro ya ɓace wa uwarsa, a tattake tsoho. A kusa da shingen jami'an tsaro kuwa, da dare, abin ya wuce wasa.

Ba a nan kaɗai ba ne. Ranar 6 ga Agusta 2019, a dandalin Times Square na birnin New York, harbin babura ya sa ɗaruruwan mutane suka watse da gudu, wasu suka ji ciwo. Kwanaki kaɗan kafin nan an harbe mutane a wasu garuruwa biyu na Amurka, zukata ba su kwanta ba. A watan Nuwamba na 2012 kuma, a birnin Cleveland, ƴan sanda suka ji ƙara daga wata tsohuwar mota suka ɗauka bindiga ce. Suka bi ta, suka zuba mata harsashi 137, mutum biyu da ke ciki suka mutu. Ba a samu bindiga a motar ba. Allah ya kiyaye.

Abin yi

Mai mota ko keke ya fara da abu mai arha. Ya duba matacin iska, ya kaɗe shi ko ya sauya. Kada a tada inji ba mataci, domin shi ne ke tare wutar atishawa. Ya kwance fulogi ya dubi launinsa: ruwan ƙasa lafiya, baƙi mai ya yi yawa, fari mai ya yi kaɗan, jiƙaƙƙe wuta ba ta zuwa. Ya duba bututu, inda aka ga baƙin tabo nan hujin yake, a like shi. In harbi bai tsaya ba, sai a kai wa bakanike, a gaya masa ta gaba ne ko ta baya, da sanyi ne ko da zafi, lokacin takawa ne ko lokacin ɗaga ƙafa. Wannan bayani rabin gyara ne.

Mai injin ban-ruwa ya kiyaye abu biyar. Ya tace mai da tsumma mai tsabta kafin ya zuba. Ya buɗe cok da zarar inji ya tashi. Ya wanke soson iska a kai a kai, musamman da hunturu. In zai kashe, ya rage totur ya bar injin ya yi rabin minti a hankali, domin injin da aka kashe yana tsakar gudu yana ci gaba da zuƙo mai ba wuta, shi ne ke fashewa a tukunya bayan an juya baya. Kuma kada ya zuba mai inji yana da zafi, ya ajiye jarka nesa, ya share ciyawar da ke kewaye.

In wuta ta kama, a kashe inji, a rufe man in ana iya kai hannu, a zuba rairayi ko a rufe da jiƙaƙƙen buhu. Kada a watsa ruwa, ko da kogi yana kusa. Fetur a kan ruwa yake yawo, ya tafi da wutarsa.

Kanikawa ma suna da nasu nauyi. Saurayin da ya zo a yanke masa salansa, a zaunar da shi a gaya masa: "Ɗana, ƙara za ka samu, ba gudu ba." Masu motar biki su tuna cewa hanyar da ake kai amarya ita ce ta yara da tsofaffi da masu tallar mai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Injin kirki muryarsa ɗaya ce daga safe har yamma, hayaƙinsa ba a ganinsa, jarkarsa tana daɗewa. A wata mai zuwa filin zai duba yadda ake ajiye injin ban-ruwa bayan an gama tsinkar tattasai, don ya tashi lafiya in ruwa ya dawo.